Gwaggo Mai Tukar Inabi

A unguwarmu in ka ce Gwaggo Tuka kowa ya san wadda kake nufi, amma ba wanda ya isa ya faɗi sunan a gabanta. Yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni dai ban taɓa ƙaunarta ba, ita ma ba ta taɓa ɓoye mini cewa ban kwanta mata a rai ba. Don haka abin da zan faɗa ba yabo ba ne. Abin da na gani ne da idona, da wanda na ji daga bakin waɗanda suka gani.

Doguwar mace ce, busasshiya, mai faɗin kafaɗa, ga murya kamar ana jan garwa a kan siminti. Tafin hannunta da faratanta sun rine sun koma shunayya, ba sabulun da ke fitar da su. Ta taɓa yin aure tun kafin a haife ni, ta dawo gida da akwatinta a ka, ba ɗa ba jika. Wanda ya tambaye ta dalili sau ɗaya bai ƙara ba.

Gida ɗaya kakanmu ya bar musu, ita da Baba. Mu muna ɗakunan gaba, ita tana biyu na baya, kusa da matakalar da ke hawa rufin kankare. Ƙofa ɗaya, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kuma a bakin famfon nan aka yi yawancin faɗan da na tashi ina ji. Baba direban babbar motar haya ne, sai ta riƙa kiransa Direba, kamar fasinjan da aka wuce da shi tasharsa. Mama kuwa Amarya take ce mata, har Mama ta yi furfura sunan bai canza ba. Da na fara koyarwa ni ma aka ba ni nawa, Malama, tana jan ƙarshen kalmar yadda za ka san ba girmamawa ba ce.

A bayan gari akwai kamfanin da ke matsar ruwan inabi yana ɗurawa a kwalabe. Can Gwaggo ta ƙare ƙuruciyarta, tana wanke tankuna da injin matsa. Kowace kakar inabi, abin da ya rage bayan an matse ruwan, ɓawo da ƙwallaye da tsinkaye, a rami ake jibge shi bayan katangar kamfanin. Shi ne tuka. Can zai yi ta ruɓa, tsaminsa yana tare mutum tun daga titi, ruwansa yana gangarawa kwata. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji, wadda ita kaɗai Gwaggo ke iya cin abinci kusa da ita ba a yi cacar baki ba, ta taɓa gaya mata cewa a wasu wurare ba a zubar da shi. Ta ce ƙwallayen nan akwai mai a cikinsu, ɓawon dabbobi na ci, sauran kuma taki ne. Gwaggo ta ce mata ƙarya ce, amma ta riƙe maganar.

Korarta aka yi. Wani sabon heluma, shugaban ma'aikata, ya duba tankin da ta wanke, ya shafa yatsa a ciki, ya ce ta sake. Ta ce ya shiga ya wanke da kansa tunda yatsan nasa ya fi hannunta. Da ya ɗaga mata murya a gaban mutane, ta maka masa jiƙaƙƙen tsumman a fuska. Kafin yamma tana gida.

Ba ta yi sati tana zaune ba ta sayo baro. Ta je ta sami mai gadin kamfanin ta ce tana son tukar. Ya kai maganar ciki, aka ce ta kwashe, in tana so har ramin ta haɗa. Ranar da ta turo baron farko cikin gidanmu, ruwa ja yana ɗiga tun daga ƙofa har matakala, Mama tana shanya. Ta tambaya cikin ladabi ko mene ne wannan, Yaya? Gwaggo ta ce dukiya ce, amma ba kowane ido ke ganinta ba, Amarya ta matsa mata da bokitinta.

Aikin ba na wasa ba ne, wannan kam ba zan hana ta ba. Da sassafe za ta fita, ta zaɓi tukar da aka zubar a ranar, don wadda ta kwana ta riga ta fara tsami. Ta turo ta gida, ta riƙa ɗaukarta a kwando tana hawa matakala. A sama ta shimfiɗa tamfol, ta baza ta siriri, ta wuni tana juyawa da manjagara. In hadari ya taso sai ka gan ta tana tattarawa kamar mahaukaciya, tana zagin sama da ƙasa, domin ruwa na taɓa ta funfuna ta kama, aikin mako ya lalace. In ta bushe ƙarau, sai ta murtsuke ta da hannu, ta tankaɗe a rariya mai manyan ido, ta bakace a faifai. Ƙwallayen su tafi buhu ɗaya, ɓawon wani buhun, tsinkayen gefe guda.

Da farko ta ɗauka daka za ta fitar da man. Ta ɗauki turmin Mama ba tambaya, ta wuni tana kirɓa ƙwallayen nan masu taurin tsakuwa, har turmin ya tsage gida biyu, ko ɗigon mai bai fito ba. Mama ta yi kuka, don turmin na mahaifiyarta ne. Gwaggo ta ce dama ruɓaɓɓe ne, taimaka mata ta yi. Daga baya ta sami wani mai injin matsar mai a kasuwa, ta yi ta masa naci har ya yarda zai riƙa matsa mata bayan ya sallami kowa. Buhu guda ɗan kaɗan yake bayarwa, mai ne marar nauyi, kore-kore, ba shi da wani ƙamshi. Ranar da ta kawo kwalbar farko ta ɗaga ta a tsakar gida, rana na ratsa ta, ta daɗe tana kallo. Ba ta nuna wa kowa ba, amma ta tabbata kowa ya gani.

A hankali komai ya sami mai so. Wani mai awaki ya riƙa zuwa da keke yana ɗaukar ɓawon, yana gauraya wa dabbobinsa da dusa. Wani mai lambu a bakin rafi ya ɗauki tsinkayen da tunkuzar da injin ke fitarwa, ya tara su su ruɓe su zama taki. Man da bai yi kyau ba ta koyi yin sabulu da shi, bayan soda ta ƙone mata hannu har sau nawa. Mata suka fara sallama, suna neman man shafawa da na kitso, sukan ce yana laushin fata kuma ba ya maiƙo. Ko su ba ta raga musu ba. Mai neman ragi sai ta karɓe kwalbar daga hannunta, ta ce ta je ta shafa ruwan famfo, shi ma yana laushin fata.

Mu da ke cikin gidan mu muka sha wahalar dukiyar. Ƙudaje suka mamaye mu, abinci ba ya buɗuwa. Rina ta yi sheƙa a ƙarƙashin matakala, ta harbe ni a fatar ido ana gobe zan fara yi wa ɗalibaina jarrabawa, na je aji da ido ɗaya. Farin kaya ba ya shanyuwa a tsakar gida, iska na kaɗawa garin ɓawo ya sauko ya yi masa ɗigo-ɗigo. Baba ya yi mata magana sau biyu ko uku, a hankali, yana sosa ƙeya. Ta tuna masa cewa ita ta goya shi, ita ta wanke masa kashi, kuma rufin nan rabinsa nata ne, in yana so ya hau ya ja layi. Baba mutum ne mai gudun fitina. Ya ɗauki makullin motarsa ya fita.

Wanda bai gudu ba shi ne Tela, maƙwabcinmu na jikin katanga. Gajere ne mai tumbi, kullum awo a wuya, kuma bakinsa bai fi na Gwaggo sanyi ba. Indararon rufinmu a kan rumfar shagonsa yake zuba. Wata rana ruwan sama ya sauko ba shiri, ya wanke tukar da ke sama, jan ruwa ya kwararo ta indararo ya sauka a kan farin yadin wani babban mutum da Tela ya rataya. Tela ya shigo mana gida ba sallama, yadin a hannu. Gwaggo ta leƙo daga sama ta duba, ta ce ai yanzu yadin ya fi kyau, a da kamar na gawa, ya kamata ya biya ta kuɗin rini.

Daga ranar aka ƙulla. Tela ya bi duk mai zama a bencinsa yana gaya masa cewa tsamin nan da ake ji ba na banza ba ne, giya matar nan ke dafawa a sama, man nan rufa-ido ne. Magana ta zaga unguwa. Wasu mazan suka hana matansu shiga gidanmu. Uwar wata ɗaliba ta tare ni a ƙofar makaranta tana tambayata, wai da gaske ne a gidanmu ake yi? Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma haushin Gwaggo na fi ji a kan na Tela.

Har duba-gari sai da suka zo, su biyu, da farar riga. Gwaggo ba ta hana su ba. Ta sa su hawa matakalar, ta sa suka kwance kowane buhu, suka shinshina kowace jarka, ta ce ba mai sauka sai ya leƙa har ƙarƙashin gadonta. Ba su sami komai ba. Amma sun umarce ta ta karkatar da indararon, ta rufe kwatar, ta daina tara jiƙaƙƙiyar tuka a tsakar gida. Ta yi abin da suka ce. Indararon kuwa ta juya shi daidai tagar ɗakin kwanan Tela, ta ce takarda shago ta ambata, ba ta ambaci taga ba. Duba-garin suna tafiya ta je wajen wani tela a ƙarshen layi ta ɗinka sababbin kaya, ta riƙa wucewa da su ta gaban shagonsa a hankali, tana cewa da duk wanda ta gamu da shi, ashe har yanzu akwai masu iya ɗinki a garin nan.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin dariya ne.

Mai injin ne ya ce mata tunkuzar da take ba mai lambu, wasu niƙa ta suke yi su sha a shayi, wai tana gyara jini. Gwaggo ta niƙa, ta tankaɗe, ta ƙulla a leda. Da farko cewa take yana ƙara lafiya. Da mutane suka fara saye, garin ya fara warkar da ciwon gwiwa. Kafin shekara ta zagayo ya warkar da ciwon suga, da hawan jini, da mantuwa, da duhun ido. Mai kemis na bakin titi, mutum mai sanyin hali, ya zo har gida ya ce mata ta yi a hankali. Ya ce ba ya musun akwai amfani a ƙwallon inabi, masana ma suna bincike a kai, amma abinci daban, magani daban, kada ta sa wani ya ajiye abin da likita ya rubuta masa. Ta ce masa kasuwarsa yake karewa, ya fita kafin ta sakar masa rina.

Baba ya daɗe da hawan jini. Ƙwayoyin da yake sha sun dame shi, suna sa shi yawan fitsari, ga shi a kan doguwar hanya da fasinjoji. Kullum sai Mama ta tsaya a kansa yake haɗiya. Wani lokaci sai muka ga abin mamaki, Baba ya fara tsayawa a ƙofar ɗakin Gwaggo da safe, da kofin shayinsa, suna magana ƙasa-ƙasa, har wani sa'in ka ji ta yi dariya. Ban taɓa sanin tana da wushirya ba sai lokacin. Ta riƙa zuba masa garin a shayi da kanta. Shekara da shekaru ba wanda ya tsaya mata a gidan nan, yau ga ƙaninta yana shan abin hannunta yana cewa jikinsa ya yi sakayau. Ta bi unguwa tana ba da labari. Mama ta yi murna da farko, ta ce ko ba komai an sami zaman lafiya. Ba ta san cewa ƙwayoyin da take miƙa masa a aljihu yake sa su ba, in ya fita ya watsar.

Wata safiya ya sunkuya a bakin famfo zai wanke fuska, sai ya tafi gefe guda kamar buhun da aka jingina ba daidai ba. Ina tsaye ina goge takalmi. Na ga bakinsa ya karkace, yana son kiran Mama, sautin da ke fita ba na mutum ba. Tela ne ya fara shigowa da ya ji ihunmu, shi ya nemo mota. Gwaggo tana sama da manjagara a hannu. Ta sauko matakalar da gudu har ta zame ta ƙuje gwiwa, ta riƙe kansa a cinyarta tana kiransa da sunansa na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya tambayi Mama ko yana shan maganinsa, ta ce kullum da hannunta take ba shi. Sai ma'aikaciyar jinya ta kawo rigar da aka cire masa, ta zazzage aljihun, ga ƙwayar ranar, ga ƙullin garin Gwaggo. Likitan ya juya ƙullin a hannunsa. Ya ce wannan bai san ya cutar da shi ba, abin da ya kayar da shi barin magani ne.

Mama ta fito baranda. Gwaggo tana zaune a benci, jini ya bushe a ƙaurinta. A iya sanina Mama ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli Gwaggo a fuska ba sai ranar.

"Yaya, ke kika ce masa ya bari."

"Ban ce ba."

"Na ji ki da kunnena kina ce masa ƙwayoyin nan su ke cinye shi."

"Na ce suna cinye shi. Ban ce ya bari ba. Yaro ne shi?"

"To ki tashi ki tafi. Muddin ina numfashi ba za ki shiga ɗakin nan ba."

Gwaggo ta miƙe. Na ɗauka za ta tara mana jama'a, don ba a taɓa faɗa mata ɗaya ba ta rama goma ba. Sai ta dube ni, ni da ban ce uffan ba, ta ce Malama an samu abin da ake so. Ta gyara ɗaurin zanenta ta tafi tana ɗingishi.

Ranar da aka sallamo Baba, Mama ta kwantar da shi, ta hau rufin da ba ta taɓa hawa ba. Ta kama bakin tamfol ta kifar da tukar gaba ɗaya a titi, ta ɓarke buhunan ƙwallaye da wuƙa, suka yi ta gangarowa matakala kamar ƙanƙara. Gwaggo tana tsaye a ƙofarta, hannu a ƙugu, ba ta hana ta ba. Da Mama ta gama, ta ɗauko tsintsiya ta share ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, ta wanke, ta mayar sama. Cikin makon Mama ta kira birkila ya ja katanga a tsakar gida. Tela ya rufe shagonsa ya zo yana miƙa bulo kyauta, baki har kunne. Famfo ya faɗo ɓangarenmu, matakala ɓangarenta. Ta fasa ƙofa ta baya, ta riƙa sayen ruwa wajen 'yan garuwa, ta gwammace haka da ta roƙe mu bokiti ɗaya.

Masu saye suka watse. Unguwar da ta ce tana dafa giya yanzu ta ce ta kashe ƙaninta da ransa. Garin kuwa ta daina sayarwa, amma ba ta taɓa cewa ta daina ba. Wanda ya zo nema sai ta ce injin niƙa ya lalace. Injin nan bai gyaru ba har yau.

Bayan watanni harshen Baba ya ɗan saki. Abin da ya fara haɗa kalmomi ya faɗa shi ne, shi ya bar maganin da kansa, tun kafin ya fara shan garin ma yana tsallakewa, a kira masa Yaya. Mama ta ce ciwo ne ke magana. Ya yi ta maimaitawa yana dukan katifa da hannunsa mai lafiya, har ta gaji ta ce in je in gaya wa Gwaggo, amma ita ba ta aike ni ba. Na zagaya ta bayan gida. Gwaggo tana yanka sabulu da zare. Ta saurare ni ba ta ɗago ba, ta ce wadda ta kore ta a gaban mutane ita za ta zo ta kira ta a gaban mutane. Na ce Baba ne ke nema, ba Mama ba. Ta ce ta ji, in ja mata ƙofa. Na koma na faɗa. Mama ta ce sai dai a mutu a haka.

Haka kuwa aka zauna. Da hantsi mukan fito da Baba tsakar gida ya sha rana a kujera. Daga inda yake yana hango gefen rufin, yana ganin kan manjagara yana kai da komo. Wani lokaci manjagarar takan tsaya, ta daɗe a tsaye. Ba ta leƙo ba, shi kuma muryarsa ba ta kai can. Shekara biyu da wani abu ya yi a kujerar nan, sannan ya rasu da rana tsaka, Mama na ba shi ruwa. Mutane suka cika ɓangarenmu. Gwaggo ba ta zagayo ba. Amma duk wanda ya zauna kusa da katangar ya ji ta, wani irin gurnani ƙasa-ƙasa kamar dabbar da aka ɗaure, har yamma. Washegari ta tura baronta ta fita.

Ba a daɗe ba kamfanin ya canza hannu. Sababbin masu shi suka cike ramin, suka gina rumfar busarwa da injin da ke raba ƙwallo da ɓawo. Suka yi yarjejeniya da masu yin mai da masu abincin dabbobi, manyan motoci suka fara zuwa ɗauka. Tsamin da ke tare mutum daga titi ya ɓace, kwatar ta washe, mutanen wajen suka yi ta sa albarka. Gwaggo ta zo da baronta mai gadi ya ce an hana. Ta tsaya a bakin ƙofar ta zage shi, ta zagi manaja, ta ce lokacin da abin yake shara ita kaɗai ta san shi, yanzu da ya zama kuɗi ɓarayi sun farka. Manajan ya fito da kansa, mutum mai haƙuri, ya ce ya ji labarinta, in tana so ta zo ta yi aiki a rumfar busarwa. Kowa ya ɗauka za ta tofa masa yawu. Sai ga ta washegari da rigar aiki. Ba ta cika wata biyu ba. Ta ce injin yana ƙona ƙwallayen, mai kula da shi ya ce ma'auninsa bai nuna haka ba, aka gwada aka ga shi ke da gaskiya. Ta ce to ma'aunin ma maƙaryaci ne. Matan da ke aiki tare da ita suka kai ƙara cewa ba sa iya shan ruwa ba ta zage su ba. Kamfani ɗaya ya kore ta sau biyu.

Daga nan ta koma bin masu matsar ruwan 'ya'yan itace a kasuwa, tana karɓar ɗan abin da suka tara a bokiti. Gwiwar da ta ƙuje ta fara hana ta hawa matakala. Sai muka ji tana neman mai sayen rabonta na gidan. Mama ta aika mata mai kemis, ta ce mu za mu saya, gidan kakan 'ya'yanta ne, kada bare ya shigo. Gwaggo ta ce ta ji. Bayan kwanaki muka tashi muka ga Tela a kan rufinmu, yana auna faɗinsa da awon wuyansa. Shi ta sayar wa. Mutumin da ya ce tana dafa giya, wanda ya miƙa bulon katanga. An ce ko a wajen sa hannu sai da suka zagi juna, ta ce masa ta ba shi ne don ta san ba maƙwabcin da ya fi shi iya hana mutum barci. Mama ta kwanta ciwo mako guda. Yanzu kekunan ɗinki huɗu ne ke ruri a bayan katangarmu tun safe har yamma.

Tana nan da ranta. Mai lambu ya ba ta ɗaki ɗaya a gefen gonarsa, mai rufin kwano, da fili a gaba inda take baza tamfol a ƙasa. Bara na je, ban gaya wa Mama ba. Na same ta zaune a kan buhu, ta rame ta ƙara tsawo, faifai a cinya, 'yan ƙwallayen da ba su fi cikin kwano ba tana tsince su. Na gaishe ta. Ta daɗe tana kallona, ta tambayi wa ya aiko ni. Na ce ba kowa. Ta tambaya ko Amarya ta mutu ne, na ce tana nan lafiya. Ta ce to madalla, ta ci gaba da tsintarta.

Na zauna a kan wani dutse. Ba ta ba ni ruwa ba, ban kuma roƙa ba. Can ta ce in tashi daga nan, na tare mata rana.